Telen Baba

Telen gidanmu na Maraɗi ya mutu ne a daren wata Laraba cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina. An ɗauke wuta da magariba, aka maido ta wajen ƙarfe 10 da ƙarfin da ya wuce kima. Muka ji wata ƴar ƙara daga bayan akwatin, sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki. Tsohon akwati ne mai ƙusumbi, inci 21, wanda Baba ya sayo tun ina ƙaramar lakkwal, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Baba ya juya fuskarsa wajen da warin ke fitowa, ya ce, "To, ya yi ƙoƙari." Daga nan bai sake cewa komai ba.

Baba tela ne, ya yi shekaru a kasuwa kafin ya ajiye keke saboda zare ya daina shiga masa allura. Tun daga lokacin duniyarsa ta tsuke, ta koma masallacin ƙofar gida da tabarmarsa ta gaban tele. A nan yake jin labarun Hausa na Télé Sahel, a nan yake sauraron tafsiri da azumi. Abin da ya fi jira a shekara kuwa shi ne kokowar takobi. Yana saurayi aka fara gasar a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobin farko, kuma har yau idan Baba ya fara labarin Kantu sai abinci ya huce.

Ni mushe ne a Yamai, hutun ƙarshen shekara ya kawo ni gida. Ina da jikka 200 da na kwasa a adashen da muke yi da abokan aiki. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, don labarin ba zai miƙe ba in na ɓoye: da na ji ƙarar nan, wani sashe na zuciyata murna ya yi. Yayana ɗan kasuwa ne a Kwatano. Shi ya kai Inna Makka, shi ya sake rufin gida, shi ake kira in buhun gero ya ƙare. Ni kuwa sai addu'a da ɗan kilishi in na zo hutu. Sai ga dama ta samu da zan rataya wani abu a bango wanda duk wanda ya shigo zai tambaya wa ya sayo.

Washegari na shiga kasuwa. A wajenmu duk telen da ba shi da ƙusumbi filasma ake ce masa, alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma ta ainihi tun wajen 2014. Waɗanda ke shaguna yanzu gilashin LCD ne da ƴan fitilun LED ke haskawa daga baya ko daga gefe. A shagon da na tsaya, guda uku ne suka shiga lissafina. Akwai ƙarami mai inci 32, kuɗinsa kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ke aljihuna. Akwai mai inci 43 da aka rubuta wa Full HD, ba ya shiga intanet, kuɗinsa ya ɗan haura rabin abin da nake da shi. Na ukun shi ma inci 43 ne, amma 4K, yana da YouTube da komai, zai cinye jikka 200 ɗin kaf har in ciyo ɗan bashi. Mai shago ya sa masa wani hoto na aku da ƴaƴan itace da ruwa na gangarowa daga dutse. Na tsaya kamar taku ɗaya daga gilashin ina ƙirga gashin akun. A raina na riga na saya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wani abokina na yarinta mai gyaran tele, da na biya ta shagonsa don in yi masa burga. Shagon cike yake da gawawwakin tele, wasu an jingine su kamar allunan makarantar allo. Da na gaya masa abin da zan saya, bai ce a'a ba. Ya ci gaba da aikinsa ya ce, "Mushe, ɗakin mita nawa ne? Ina tsoho ke zama? Mi za ku jona masa? Wace wuta zai ci?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya ce hoto tafiya yake yi kamar ruwan famfo: daga tasha zuwa faranti, daga faranti zuwa dikoda, daga dikoda ta waya zuwa gilashi. Duk inda bututu ya fi tsukewa, nan ne ke yanke yawan ruwan da za ka samu, ko da bakin famfon na zinariya ne. Ya ce in je in auno ɗakin, in ɗauko dikodar gida in koma shago da ita.

Na ɗauko tsohon tef ɗin awon Baba, mai inci a fuska ɗaya da santimita a ɗayar. Daga bango zuwa tabarmarsa mita 3 ne saura kaɗan. Na kuma tuna yadda ɗakin ke zama ranar kokowa: Baba a tsakiya, maƙwabta jere da bango hagu da dama, yara a ƙasa dab da akwati, mata suna leƙe daga bakin ƙofa. Mutum biyu ko uku ne kawai ke kallo kai tsaye, sauran duk a karkace suke gani.

Kafin in koma, abokina ya yi mini lissafin da ya kamata in sani tun farko. Hoton tele ɗige-ɗige ne ƙanana. Yawancin masu inci 32 suna da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato miliyan 1 da ƴan kai. Full HD 1920 ne da 1080, miliyan 2 da ɗoriya. 4K kuwa 3840 ne da 2160, ya haura miliyan 8, ninki huɗu na Full HD. A takarda babu gardama wanne ya fi. Amma tsohuwar dikodarmu, wadda ta tsira daga wutar nan, hoto mai layi 576 take bayarwa, ɗigonsa bai kai rabin miliyan ba. In ka zuba shi a Full HD, kowane ɗigo sai an shimfiɗa shi a gurbi 5. In ka zuba shi a 4K, gurbi 20 zai cike, kuma telen ne zai ƙirƙiro sauran da kansa. Mai kyakkyawar ƙwaƙwalwa yana ƙirƙirowa da kyau, mai araha kuwa sai ya dama hoton kamar kunu. Ban da wannan ga maganar nisa. A gilashi mai inci 43, da zarar ka ja baya ka wuce mita 2, lafiyayyen ido ma da ƙyar yake raba 4K da Full HD. Ni a shago taku ɗaya na tsaya, tabarmar Baba kuwa mita 3 take.

Na koma shagon da dikoda a cikin leda. Mai shago bai so ba, amma da yake yana da faranti a kan rufi, ya bari. Na ce a cire hoton akun, a jona tasha irin wadda muke kallo, a kuma fitar da kowane tele daga saitin shago, wanda ke ƙure haske da launi don ya ja ido. Na auna mita 3 da tef na tsaya. Gani ya kori ji. Ƙaramin mai inci 32 ya fi su tsaftar hoto a wannan tasha, don ɗigonsa bai yi nisa da na dikoda ba, sai dai daga inda nake fuskar mai karanta labarai ba ta wuce tafin hannu ba, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma sai na matse ido. Manyan biyun kuwa, da a ce an rufe sunayensu, ban san wanda zan nuna in ce shi ne mai tsada ba.

Sai na matsa gefe, wajen da maƙwabta ke zama. A nan bambanci ya fito, ta inda ban zata ba. Mai 4K, wanda baƙinsa ya fi zurfi in kana gabansa, sai launinsa ya koɗe, fuskar mutum ta yi fari-fari. Na tsakiyar ya riƙe launinsa har kusan jikin bango. Abokina ya bayyana mini daga baya cewa gilashin LCD iri biyu ne suka fi yawa. Wanda ake kira VA ya fi baƙi mai zurfi, ya dace da ɗaki mai duhu da mai kallo a gaba. Wanda ake kira IPS baƙinsa ya ɗan yi toka-toka, amma yana riƙe launi daga gefe. Sau da yawa ba a rubuta wannan a kwali, sai dai mutum ya taka zuwa gefe ya gani da idonsa. Ɗakin da ke cika da jama'a na biyun yake so.

Da mai shago ya ga ina ja da baya, sai ya fito da wani daga ciki, wai inci 50, 4K, kuma bai kai na tsakiyar kuɗi ba. Sunan da ke jikinsa harafi ɗaya ya raba shi da wani sanannen suna. Incin tele daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, gilashin kawai ban da baki, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Don haka 32 ya kama santimita 81, 43 ya kama 109, 50 kuma 127. Na ɗora tef ɗin Baba a kai, ya tsaya a inci 46. Wanda ya yi ƙarya a abin da tef ke iya kamawa, ina ga abin da ke cikin akwati? Na ce a mayar.

Daga nan na juya su ukun na duba bayansu, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Dikodarmu da tsohuwar na'urar faifan da Inna ke kallon fina-finan Kano, duk da wayar nan mai kai uku suke aiki, rawaya da ja da fari. Ƙaramin da na tsakiyar suna da ramukanta. Mai tsadar sai da wata ƴar mahaɗa, wadda ba ta ma cikin kwalinsa. Ramin HDMI, wanda sabbin dikodoji ke bukata don hoto mai tsabta, ƙaramin ɗaya gare shi, na tsakiyar biyu, babban uku. Duka suna da ramin USB, inda ƙannena za su soka kile mai wa'azi ko fim. Na nemi rubutun DVB-T2 a jikinsu, wato alamar cewa tele zai kama tashoshin zamani na TNT da eriya kawai, ko da kuɗin dikoda ya ƙare. Na kuma nemi ramin fitar da sauti, domin siririn tele ba shi da cikin da zai ɗauki babbar lasifika, nasa ƴan ƙanana ne masu kallon ƙasa, kunnen Baba kuwa ya fara nauyi. Na tsakiyar yana da ramin da za a jona masa lasifikar waje.

Saura intanet, wanda shi ne rabin kuɗin babban. Gidanmu babu wifi. Sai dai a jona da wayar wani, kuma kallon hoto mai ƙarfin 4K yana iya cin giga 7 a awa ɗaya. Wa zai riƙa sayen wannan data, Baba ko Inna? Ga shi rimot ɗinsa sai an bi ta shafuka kafin a iso tasha, Baba kuwa maɓalli uku ya sani a duniya: kunnawa, ƙara murya, canza tasha. Abokina ya ƙara da cewa manhajar cikin tele tana tsufa kafin gilashinsa, kuma ranar da aka bukaci intanet akwai ƴar na'ura mai araha da ake sokawa a HDMI ta mai da kowane tele mai shiga intanet. In ta lalace ita kaɗai za a sake.

Game da wuta, ya ce in karanta ƴar takardar da ke manne a baya, inda ake rubuta wat nawa tele ke ci, saboda ranar da za a koma batir da sola. Ƙaramin ya fi su sauƙin ci, babban ya fi su ci. Ya nuna mini tarin da ke shagonsa ya ce yawancinsu abu biyu ya kawo su: wutar da ta dawo da ƙarfi, da fitilun baya da suka ƙone saboda an bar haske a ƙure cikin zafin bazara da ƙura. Duka biyun ana gyarawa in kayan tele ɗin suna samuwa a gari. Gilashi ne in ya fashe, gara a sayi sabo. Shawararsa ita ce duk wanda na saya in haɗa da regilata, in rage hasken, in bar masa sarari a baya ya sha iska, kuma in saya a Maraɗi da rasit da garanti a rubuce. Garantin da ke Yamai, fiye da kilomita 600, ba zai amfani tsoho da komai ba.

Duk wannan ya shiga kaina, amma bai shiga zuciyata ba. Har yanzu babban nake so. Sai na yi wa kaina dabara: zan kawo Baba ya zaɓa, na tabbata zai nuna mai tsadar, shi ke nan na sami hujja. Na ɗauko shi a adaidaita, mai shago ya ba shi benci, na auna mita 3 na zaunar da shi. Aka kunna su ukun a tasha ɗaya.

Na ce, "Baba, wanne ya fi fita?"

Ya daɗe yana kallo, yana karkata kai. Sannan ya ce, "Wanga na dama ya fi murya."

Na ce, "Hoton fa, Baba?"

Ya yi shiru. Can ya ce a hankali, yadda mai shago ba zai ji ba, "Duk hazo ne, ɗana. Kamar ranar da buji ya taso. Ina ganin mutum na motsi, amma ban san ko wane ne ba."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce kokowar bara ma da kunne ya kalle ta. Muryar mai sharhi da kiɗan makaɗa ke gaya masa wanda ya shigo fili, ihun yara ke gaya masa an yi kaye. Bai faɗa wa kowa ba don kada a ce za a kashe kuɗi. Mun san idonsa ya raunana tun da ya bar ɗinki, amma mun ɗauka tsufa ne kawai, shi kuma ya iya ɓoyewa, ya san kowane lungu na gidansa da ƙafa. Na tsaya a shagon nan da tef ɗinsa a hannuna. Kwana huɗu ina auna bango da gilashi da waya, ina lissafin ɗigo miliyan 8, ban taɓa tsayawa na dubi idon mutumin da zan saya wa ba. Bututun da abokina ya lissafa mini bai ƙare a gilashi ba, akwai sauran gaɓa ɗaya, kuma ita ce ta fi tsukewa.

Na sayi na tsakiyar, mai inci 43, saboda girman zai taimaki Baba kuma maƙwabta za su gani daga gefe. Na haɗa da regilata da ƴar lasifika. Abin da ya rage na riƙe, muka tafi wajen likitan ido a satin. Ya duba ya ce yana ce a ido biyun, ta dama ta fi nuna. Ya yi mana bayani cewa ƙwayar da ke tattara haske a cikin ido ce ta yi gajimare, ana cire ta a sa ta roba, aiki ne da ba ya daɗewa kuma ana yin sa kullum. Da aka haɗa kuɗin aiki da magani da zirga-zirga, canjin da ke hannuna bai kai ba. Na zauna a bakin asibiti na daɗe ina kallon lambar yayana kafin in danna. Na shirya jin gori. Abin da ya ce kawai shi ne, "Subhanallahi, mu duka ba mu lura ba?" Kafin la'asar kuɗin sun iso.

An yi wa idon dama aiki kafin in koma bakin aiki. Ranar da aka cire bandeji ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai, yaushe ka yi furfura?"

Ban zama gwanin tele ba, kuma ba na cewa 4K yaudara ce. Wanda ke da intanet mai ƙarfi ko dikoda mai bayar da irin wannan hoto, yana zama kusa, yana kallo shi da iyalinsa a gaba, zai ga amfanin kuɗinsa. Mai ƙaramin ɗaki da batir ɗaya kuma, inci 32 ya fi masa komai. Har yau in na wuce shago na ga akun nan sai na rage tafiya. Abin da zan iya gaya wa mai shirin saye shi ne ya fara daga gida kafin kasuwa: ya auna daga bango zuwa mazauni, ya san abin da zai jona, ya tafi da dikodarsa da tef, ya sa a cire hoton talla, ya taka zuwa gefe, ya juya bayan akwatin. In kuma don wani zai saya, ya zaunar da mutumin ya tambaye shi abin da yake gani.

A hutun Disamba na dawo, kokowa ta kama. Jihohi 8, kowace da ƴan kokowa 10. Ɗakin ya cika har bakin ƙofa, regilata tana ta ƴar ƙararta a ƙasa duk lokacin da wuta ta yi rawa. Baba na tsakiya a tabarmarsa, idon hagu na jiran nasa aikin, na dama kuwa yana aiki fiye da na kowa. Shi ke gaya mana wanda ya sa ƙafa ba daidai ba tun kafin a kai shi ƙasa, har layun da ke damtsen wani ya ƙirga, ya ce Kantu bai taɓa ɗaukar rabin wannan kaya ba. Ana cikin haka wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo, ya tsaya ya ƙare wa bangon kallo, ya yi tambayar da na yi wata huɗu ina jira.

"Malam, wa ya sayo maka wanga?"

Na gyara zama. Baba bai ɗauke ido daga fili ba, ya ce, "Yara ne." Sannan ya miƙo mini rimot ya ce in ƙara murya, ƴan Maraɗi za su shigo.